Sabuwar bindigar iskar da na saya a Jidda: saiti lafiya lau, kunama ba amana

Bindigar nan tana da saiti, ba ta da nauyi a kafaɗa, kuɗinta kuma bai wuce hankali ba. Amma ta fito daga kwalinta da aibin da zai iya raba mutum da idonsa, ko da ransa ma, kuma mai shagon da ya sayar min da ita ya so ya maida abin wasa. Ba zan kama sunan shagon ko na kamfanin ba, tunda mun riga mun rabu lafiya, kuma abin da na gani a tawa yana iya kasancewa a cikin kowace sabuwar bindiga da ba a duba ba.

Farauta a gidanmu gado ce. Kakanmu daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, ya yi zama a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ya tsallako teku ta Sawakin, kuma har ya rasu a Makka bai daina ba da labarin bindigarsa ta adaka ba, wadda ya ce sai ka kau da fuska kafin ka ja. Mu da muka tashi a unguwar Rusaifa ta Makka mun san cewa a cikin Harami ko tattabarar da ta sauka a tagarka ba ka da ikon firgita ta, balle harbi. Wanda ke son farauta sai ya fita bayan iyaka, ya kuma fita da takardunsa. Lasisin bindiga ta manhajar gwamnati mai suna Absher ake neman sa, izinin farauta kuma ta dandalin Fiɗri na Cibiyar Kula da Namun Daji. A 'yan shekarun nan da shigowar Satumba ake buɗe lokacin. Wanda aka kama yana farauta ba izini tararsa riyal 10,000 ce, wanda kuma ya yi da shauzan, mai watsa ƙwayoyi, tasa ta kai riyal 100,000. Shi ya sa yawancinmu muka koma bindigar iska, kasuwarta kuma ta buɗe, shaguna suka cika da samfura iri-iri, wasu ma ba ka taɓa jin sunan kamfaninsu ba.

Tawa irin mai tulu ce, wadda ake ɗura wa iska har matsinta ya kai bar 200, mai cin darma milimita 5.5, da hannun ɗanawa a gefe da gidan harsashi mai juyawa. Na biya riyal 3,200 haɗe da madubin saiti da famfon hannu. Yaron da ke tsaron kanta Bahaushe ne, ɗan unguwar Sabil ta Jidda kafin rusau ya watsa su, mai ladabi ƙwarai. Da ya ji ina magana da ɗana da Hausa sai ya saki Larabci ya koma "Kawu, ga wannan, Kawu, riƙe ka ji." Wadda na riƙe na ji ta ita ce ta nuni, wadda ke rataye a bango. Wadda aka ba ni kuwa daga sito aka fito da ita a cikin kwali liƙe, aka karanta lambarta aka shigar a takarda, aka miƙo min. Ba wanda ya ɗana ta, ba wanda ya taɓa kunamarta. A shagon nan haka ake yi wa kowa, kuma a nan ne ma matsalar ta soma.

Bari in ba ta haƙƙinta tukuna. Mun fita da ita wani kwari bayan garin Jumum inda akwai gangaren ƙasa da zai tare harsashi, muka kafa kwali a nisan mita 30. Da na daidaita madubi, harbin yana taruwa wuri ɗaya har kwabon riyal ɗaya zai rufe ramukan. Ga kurciya da salwa wannan ya isa har ya yi saura. Ba ta da ƙara, ba ta dukan kafaɗa, katakon gindinta kuma an goge shi da kyau, yana zama a kumatu daidai. Hannun ɗanawar yana da laushi, yaro ɗan shekara goma sha biyar zai ja shi ba wahala, abin da na ɗauka alheri ne a lokacin. Madubin da suka haɗo da shi dai na cika kwali ne, da rana ta yi ƙasa sai ya yi hazo. Famfon hannun kuma aiki ne na mai ƙarfi. A zafin Makka kafin ka kai allura bar 200 rigarka ta jiƙe sharkaf.

Ƙananan aibobin sun fara fitowa tun makon farko. Notin da ke ɗaure ƙarfen da katako ya zo a kwance, har bututun yana ɗan motsi in ka girgiza. Wannan ɗaurewa kawai yake so. Gidan harsashin wani lokaci ba ya tsayawa daidai da bakin bututu, sai ka ji hannun ya cije, in ka matsa kuma ya yanke gefen darmar, harbin ya tafi inda ya ga dama. Mafi ban haushi a cikinsu shi ne yoyon iska. In ka cika ta da daddare ka ajiye, da safe allurar ta sauka sosai. Na shafa ruwan sabulu a bakin wurin ɗura iska sai ga kumfa tana tashi a hankali, alamar zoben robar ciki ya tsage tun wajen haɗawa. Duk waɗannan abubuwa ne da mutum zai yi tsaki ya gyara ko ya haƙura.

Babban kuwa shi ne na aman, maɓallin nan da ke kulle kunama. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana aikin damara kafin ya yi ritaya, shi ya gano shi. Yana da wata al'ada da duk bindigar da ta shigo hannunsa sai ya yi mata. Ya cire gidan harsashi, ya leƙa ya tabbatar babu komai a bututu, ya juya bakin ga gangaren ƙasa, ya ɗana, ya sa aman, ya ja kunama da ɗan ƙarfi. Ba ta tashi ba, yadda ya kamata. Sai ya ɗauke yatsansa gaba ɗaya daga kunamar, ya ture aman da babban yatsa. Fuf! Ta saki iska. Ya dube ni, ya sake yi. Ta sake tashi. Ya sake ɗanawa, wannan karon bai sa aman ba, ya buga gindinta a kan tabarma, ba da ƙarfi ba, kamar yadda mutum zai dire ta in ya gaji da tafiya. Ta tashi.

"Ɗan nan," ya ce, "wannan ba ta kwana a gidan da ke da yara. Zuba ta a mota."

Wanda bai saba da bindiga ba zai ce ai ta iska ce. To darmar 5.5 daga irin wannan tulu tana fita da gudun da ya haura mita 250 a daƙiƙa ɗaya, tana huda katako, tana fasa ƙoƙon kan zomo daga nesa. Ka kuma tuna lokacin da mafarauci ke cire aman: lokacin da ya hango tsuntsu yana ɗago bindiga, abokinsa na gefe ko na gaba kaɗan, ko lokacin da ya dawo mota zai sauke harsashi, mutane sun kewaye shi ana zuba shayi. Kuma kusan kowa in ya riƙe bindiga yana tafiya yakan taɓa kunama ba da saninsa ba, ya dogara da cewa aman na kulle. A tawa wannan taɓawar ita ce harbin, sai dai an jinkirta shi zuwa sa'ad da za ka ture maɓalli.

Yadda abin yake a ciki ba shi da wuyar ganewa. In ka ɗana, akwai guduma da sifirin ke turawa, wani ɗan haƙorin ƙarfe ne ke riƙe ta. Kunama aikinta ta janye haƙorin nan, guduma ta daki bawul, iska ta fita. Dukan lafiyar bindiga tana rataye a kan yawan cizon da haƙorin ya yi, kuma abu ne da bai kai kaurin farce ba. In cizon ya yi kaɗan, ko gefen haƙorin bai fita da kaifi ba daga injin, ko ƙarfen bai sha wuta yadda ya kamata ba, girgiza kaɗan sai ya zame. A wasu bindigogin kuma aman ɗin kunama kawai yake tarewa, kuma in yana da sako-sako sai kunamar ta ɗan motsa, haƙori ya zame ya rataya a kan aman ɗin kansa. Kana ture shi, ba abin da ya rage yana riƙe guduma. Kamfanoni na son kunama mai laushi saboda ita ce mai saye ke yabawa a kanti, kuma hanya mafi arha ta samun laushi ita ce rage cizon.

Da na mayar da ita, yaron kantin ya gwada da hannunsa, ta tashi, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa sanin ana wannan gwajin ba." Na yarda da shi. Ya shiga ciki ya kira mai shagon, shi kuma ya fito da ɗan mabuɗin noti a hannu tun kafin ya ji ƙarshen bayani. Ya ce abu ne mai sauƙi, akwai noti a bayan kunama, zagaye ɗaya zai ƙara cizon, minti biyu an gama. Na ce ban zo gyara ba, na zo mayarwa. Ya ce bindiga in an yi mata rajista da sunan mutum ba a karɓar ta kamar takalmi, garanti kuma na gyara ne, ba na canji ba. Sai ya ƙara da maganar da ta fi ɓata min rai, wai ko ma mene ne ai ba a nuna mutum da bindiga, wanda ya kiyaye wannan ba abin da zai same shi, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa.

Rabin maganarsa gaskiya ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, kuma duk mafaraucin kirki da wannan aka yaye shi. Amma wannan ladabin mai riƙewa ne, ba ya wanke mai ƙerawa da mai sayarwa. Addinin da ya hana nuni da makami shi ne ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba. Kuma notin da yake son juyawa, ko ya hana tashi yau, bai gaya mana dalilin da ya sa haƙorin ke zamewa ba. In ƙarfen ne mai taushi, zai ci gaba da cinyewa, wata uku ko shekara abin ya dawo, a lokacin da na riga na saki jiki da ita. Ban da haka, ranar da wani abu ya faru, kamfani zai ce an taɓa kunamar bayan ta bar hannunsu.

Ya kuma ce irin wannan sai a bindigogin banza, nasa kamfanin babba ne. A nan na san bai bi labarin sana'arsa ba. A duniyar bindigar farauta da wuya a sami sunan da ya kai Remington na Amurka, samfurinsu Model 700 kuma tun 1962 ake sayar da shi, miliyoyi ne a hannun mutane. Shekara da shekaru mafarauta suna kai ƙarar cewa tana tashi da an ture aman ba a taɓa kunama ba, daidai irin abin da tawa ta yi, sai dai su tasu mai albarushi ce, ana kashe barewa da ita daga nisan ɗaruruwan mitoci. An rasa rayuka, ciki har da yaro ɗan shekara 9 a jihar Montana a shekarar 2000, lokacin da mahaifiyarsa ke ƙoƙarin sauke harsashi. Injiniyan da ya zana kunamar tun kafin wannan samfurin ya fito, Mike Walker, tun 1948 ya ba da shawarar a yi mata gyara, aka lissafa zai ƙara senti biyar da rabi a kan kowace bindiga, ba a yi ba. Tashar CNBC ta fito da wannan a 2010. Kamfanin bai taɓa amsa cewa tsohuwar kunamar na da aibi ba, amma ya shiga sulhun kotu da ya shafi bindigogi kusan miliyan 7.5. Sabuwar kunamar da suka kawo don maye gurbinta, X-Mark Pro, ita ma a Afrilun 2014 suka yi kiran a dawo da duk wadda aka ƙera daga 1 ga Mayun 2006 zuwa 9 ga Afrilun 2014, saboda gam ɗin da ake sa wa noti ya yi yawa a wasu, yana iya sa ta tashi da kanta. Ɗigon gam kawai. Sako na Finlan ma, waɗanda ake yi wa kallon gwanayen ƙarfe, a 2004 sun janye wasu bindigoginsu na Sako da Tikka bayan bututun wasu ya tsage a hannun masu harbi. Bambancin babban kamfani da ƙarami a wurina shi ne babban yana da lambobin da zai bi ya nemo masu kayan, yana da shafin da za ka shigar da lambar bindigarka ka ga ko tana cikin waɗanda aka kira. Tawa takardar da ke cikin kwalinta ko adireshin wakili ba ta da shi.

Ban tsaya jayayya ba. Na ɗauki bidiyon gwajin a gaban kantinsa, fatura, wato rasit, a gefe, lambar bindigar na fitowa sarai, na shigar da ƙorafi ta manhajar Ma'aikatar Kasuwanci. Wanda bai iya manhaja ba yana iya kiran 1900. Ma'aikatar tana da cibiyar kiran kayan da aka samu da aibi, inda ake sanar da motoci da na'urorin da aka janye, kuma ya kamata mafarauta su riƙa kai irin wannan can maimakon a tsaya ana ba da labari a majalisa. Ba a daɗe ba mai shagon ya kira ni da kansa, murya ta sauko, har da "ya ammi", wato baffa. Muka daidaita a kan za a aika ta wurin wakilin da ya shigo da su, a cire gidan kunamar gaba ɗaya a sa sabo, a canza zoben roba da gidan harsashi, a kuma rubuta min abin da aka yi a takarda mai hatimi. Canjin bindiga sukutum zai buƙaci sabuwar rajista, ni kuma lokacin farauta na ƙaratowa, sai na karɓi wannan. Ta yi kusan wata guda a can, kuma ba wanda ya kira ni ya ce ga inda aka kwana sai in ni na kira.

Da ta dawo na nemi a ba ni tsohon gidan kunamar in gani, suka ce ya zama na wakili. Yaron kantin ne ya nuna min hoton da ya ɗauka a wayarsa: gefen haƙorin a daƙushe, da ɗan tsinin ƙarfe da injin ya bari ba a goge ba. Ke nan noti bai isa ya gyara shi ba. Sabuwar kunamar ta fi tsohuwar tauri, sai ka ja da niyya, kuma na fi son ta haka. Kawu ya maimaita gwajinsa, ya buga gindin har na ji tsoron katakon, ba ta motsa ba. Yoyon ya tsaya. Gidan harsashin har yanzu yakan cije jefi-jefi in darmar mai dogon kai ce, na koma mai zagayayyen kai, shi ke nan.

Akwai abu ɗaya da ba aibin ƙira ba ne amma shagon ya kamata ya faɗa wa duk mai saye, bai kuwa faɗa ba: zafi. Tulun da ka cika bar 200 a ɗaki mai sanyin na'ura, in ka bar shi a motar da ke rufe a rana, inda cikinta ke iya kai digiri 70, matsin zai haura wajen bar 230 ba ka ƙara ko famfo ɗaya ba. Tulu mai lafiya an yi shi ya jure fiye da haka, amma zoben roba na gajiya, bawul kuma yakan ƙi buɗewa sosai sai harbi ya yi rauni. Ni yanzu da bazara ba na cika ta har baki in zan yi doguwar tafiya. Kuma ba a sa mata man inji ko wani mai na fetur a wurin da iska mai matsi ke bi, sai man silikon, ba a kuma ɗura mata iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti ko da wasa, domin wannan fashewa ce. Na taɓa jin wani yana ba da shawarar haka a majalisa don wai ya huta da famfo, Kawu ya kusa cin kwalarsa.

Ga wanda zai saya, a shagon Jidda ne ko a baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham arewa da Riyad, ka sa a buɗe kwalin da za a ba ka, ba na nuni ba, kafin a shigar da lambar da sunanka. A tabbatar ba harsashi, a juya baki ga bango, a ɗana, a sa aman, a ja kunama, a saki, a ture aman. A sake ɗanawa a buga gindi a ƙasa. A rufe hannun ɗanawa da ƙarfi a gani ko za ta tashi. Ga mai tulu wannan harbin iska ba ya cutar da ita. In kuwa mai karyawa ce, mai sifirin, ba a harba ta ba darma, ita sai a nemi mai shagon ya gwada ta inda ya tanada. Ka tambayi sunan wakili da inda yake, ka tambaya ko garantin ya haɗa da canji, a rubuta maka a fatura. Mai shagon da ya ɓata fuska don ka nemi wannan, ka bar masa kayansa.

Ita bindigar, yadda take yanzu, zan ce ta ci kuɗinta ga babban mutum da ya san abin da yake riƙe da shi. Ba zan saya wa saurayi ita a matsayin ta farko ba, saboda laushin ɗanawarta da rashin ƙararta suna sa a raina ta. Shagon kuwa darma da man silikon kawai nake saya a wurinsu, shi ma saboda yaron nan ne, wanda yanzu in mai shagon ba ya kusa yakan buɗe kwali ya yi wa mai saye gwajin. Na tambaye shi sauran da suka zo tare da tawa a kaya ɗaya, ya ce ba a mayar da ko ɗaya ba, ba a kuma kira waɗanda suka riga suka saya ba. Mutum biyu cikin abokan fitarmu suna da irinta daga shagon. Ta ɗaya mun gwada, lafiyarta ƙalau. Ɗayan yana aiki a Yanbu, na tura masa bidiyon na ce ya sauke iskar ya kulle ta a akwati har ya zo hutu Kawu ya duba.